Kafin ka huda bango: ita ma eriyar waifai tana da gaba da baya

Abin da na lura da shi a wannan sana'a tamu ta haɗa waifai a gidaje da shaguna da makarantu, da zarar sabis ya yi rauni a wani ɗaki maganar farko da mai wuri zai yi ita ce "injiniya a sayo babba". Babbar rawuta, wato na'urar da ke watsa waifai, mai eriya shida ko takwas, ko kuma a ƙaro ɗan abin nan da ake sokawa a soket wai yana ƙara ƙarfin sigina. Mu ma masu aikin da yawanmu ba ma musu tunda ciniki ne ya zo. To amma gaskiya sau da yawa na'urar da ke wurin lafiyarta ƙalau kuma ta isa ta riƙe gidan, matsalar kawai an kafa ta ne ta juya wa mutane baya, siginar tana ta zuba inda babu kowa, cikin rufin kwano ko gidan maƙwabta ko sararin samaniya. Abin nan yana damuna sosai saboda kuɗin mutane ne ke tafiya a banza, ga shi kayan nan duk farashinsu dala yake bi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani a kai ko Allah zai sa wani ya amfana.

Duk wanda ya taɓa sa dish a gidansa ya san ba a kafa shi yadda aka ga dama. Mai saiti yana sama yana juyawa kaɗan-kaɗan, wani yana falo gaban talabijin yana ɗaga murya, ya kawo, ya ɗauke, dawo da shi baya kaɗan. Kafin zuwan dish ma akwai eriyar nan mai ƙarafuna jere da ake ɗaurawa a kan doguwar gora ko fayif don a kamo NTA, wadda in iska ta juya ta sai hoto ya koma yashi-yashi. Wasu masana biyu ne a Japan, Yagi da Uda, suka fito da irinta a 1926 kuma har yau da sunansu ake kiranta. Kowa ya yarda waɗannan suna da fuska, dole sai an saita su. Amma da an zo kan waifai sai a ɗauka ita duk inda aka ajiye ta haka take watsa sigina daidai wa daida, sama da ƙasa, gabas da yamma. Babu eriyar da take haka a duniya. A lissafi ne kawai ake ƙaddara akwai irinta don a samu ma'aunin da za a riƙa gwada sauran da shi.

Abu na farko da nake so ya zauna a kan kowa shi ne eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Ba ta da batir, ba ta da wata wuta tata ta kanta. Abin da rediyon da ke cikin na'urar ya miƙa mata shi kaɗai gare ta, ita aikinta kawai ta zaɓi inda za ta tura shi, in ka ga ta ƙara ta wani ɓangare to ta rage ta wani ne babu makawa. Ɗauki sandar eriyar nan ta bayan rawutar gida, baƙar robar nan da ake lanƙwasawa. In ka fasa ƙaramar cikinsu abin da za ka tarar ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, saboda zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zanguna biyu da waifai ya fi aiki da su, ɗayan shi ne 5 GHz, tsawonsa wajen santimita 12 da rabi ne, ita kuma eriyar rabin haka ake yanka ta, wajen santimita 6. Siginar da ke fita daga jikinta siffar gammo gare ta. Ka ɗauka an zura sandar ta tsakiyar gammo, kaurin yana zagaye da ita ta gefe-gefe, amma ta saman kanta da ta ƙarƙashin gindinta rami ne. Wato dai inda bakin sandar yake nunawa nan ne siginar ta fi rauni.

To ka ga inda ake samun matsala. Mutum yana so sabis ya kai ɗakin uwargida da ke can ƙarshen gida, sai ya kwantar da eriyoyin duka ya nuna bakinsu saitin ɗakin, shi a ransa ya saita ke nan, alhali ramin ya tura musu. Ba wai siginar za ta ɗauke ɗif ba ne, don a cikin gida tana bugun bango da silin da ƙasa tana dawowa tana cike gurbin kaɗan, amma ka yi asarar mafi kyawun abin da eriyar take da shi. In gidanka na ƙasa ne ba bene ba, tsayar da su duka kyam suna kallon sama, ka ɗora rawutar a wuri mai ɗan tsayi kamar saitin kan mutum ko sama da haka, ka matso da ita tsakiyar gida gwargwadon yadda kebul zai kai. Ban da ƙasa a bayan talabijin, ban da cikin kejin ƙarfen nan da ake kulle inbata da batura. Wannan na kejin ina ganinsa da yawa kuma na san tsoron ɓarayi ne ke sawa, amma ƙarfe maƙiyin sigina ne na ƙarshe. In kuma bene ne kana so wani abu ya hau sama, za ka iya kwantar da ɗaya daga cikin eriyoyin don zagayenta ya tashi tsaye ya riƙa bugun sama da ƙasa. Yana ɗan taimakawa. Sai dai dekin da aka zuba da kankare aka shimfiɗa rodi a ciki yana cinye sigina sosai, musamman ta 5 GHz, ni dai shawarata a bene ka ja kebul ka sa wata na'urar a sama, kebul ɗin intanet yana kai mita 100 lafiya lau, babu gidan da zai gagare shi.

Sai maganar lambar nan ta dBi da ake bugawa a jikin kwali, 2 dBi, 5 dBi, 9 dBi, har 15, mai shago ya ce maka ɗauki wannan ta fi ƙarfi. Abin da lambar take faɗa shi ne yadda aka matse siginar. Eriyar sanda ta asali 2.15 dBi take, gammonta mai kauri ne, yana kama sama yana kama ƙasa. In aka ce 9 ko 12 to an danne shi ne ya baje ya zama siriri, yana tafiya nesa ta gefe amma sama da ƙasa sun ƙara mutuwa. Kuma lissafin dB, ma'aunin ƙaruwa da raguwar ƙarfin sigina, ba irin lissafin kasuwa ba ne. Ƙarin 3 dB ninki biyu ne, ƙarin 10 dB ninki goma, sannan a fili fetal inda babu bango duk sanda ka ninka nisa sau biyu ka zubar da 6 dB. Riƙe waɗannan ukun don su ne za su taimake ka nan gaba.

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi ba mutane wahala, fararen zagayayyun na'urorin watsa waifai ɗin nan da muke ce wa AP, irin na UniFi ko TP-Link Omada ko MikroTik, waɗanda ba a ganin eriyarsu don tana ciki. Tunda ba a ganin sanda sai a ɗauka ba su da fuska, alhali su ne ma suka fi fuska. Yawancinsu an ƙera su ne don a kife su a silin, siginar tana fitowa ta gaban, wajen da tambarin kamfani da 'yar fitilar suke, tana saukowa ƙasa tana bajewa gefe-gefe, bayan kuma inda biraket yake an rage shi da gangan saboda babu mai zama a cikin silin.

Akwai wata makaranta mai zaman kanta da aka kira ni wai ɗakin malamai ba ya samun sabis, har sun yanke shawarar ƙaro guda. Ina shiga ofishin shugaban na hango ta a saman durowar ƙarfe, an kwantar da ita rigingine fitilarta tana haska silin, ƙura ta lulluɓe ta, an jingina wasu kofunan gasa da fayil-fayil a gefenta. Na ce Malam wannan ai kife ta ake yi a silin. Ya ce to injiniya mu dai mun ga nan ta fi tsaro, yara ba za su taɓa ta ba. Gaskiyarsa ne ta fannin tsaro, amma a yadda take mafi kyawun siginarta kwanon rufi take duka, bayanta kuma ga ƙarfen durowa. Tsani kawai muka aro, aka ƙara kebul, aka mayar da ita silin ɗin da ke tsakanin ofis da ɗakin malaman tana kallon ƙasa, can ma hannun yara ba ya kaiwa. Ba a sayi ta biyun ba.

Wasu kuma a bango suke manna ta kamar agogo. Wannan ba zan ce kuskure ba ne kai tsaye, ya danganta da abin da kake nema. In ka manna ta a bango to ta koma mai harbi gaba ke nan, ɗakin da take kallo zai ƙoshi, wani kaso zai tafi sama wani ƙasa, wanda ke bayan bangon kuma ya samu saura. A dogon zaure in ka sa ta a bangon ƙarshe tana kallon ciki, ya yi daidai. Amma in bangon tsakiyar gida ne kana sa ran ta ba ɗakunan gaba da na baya daidai, rabin gidan zai yi ta ƙorafi. In silin ɗin ba zai huɗu ba, ko mai gida ya ce kar a taɓa masa POP, akwai biraket mai lanƙwasa da ake kafawa a bango ya miƙo hannu, na'urar ta rataya tana kallon ƙasa yadda aka yi ta, ko mai walda ma zai haɗa maka in ka nuna masa, ka dai tabbatar ƙarfen yana bayanta ba gabanta ba. Sannan akwai waɗanda dama don bango aka yi su, masu kama da murfin soket da ake sawa a ɗakunan otal, su nasu gaban ɗaki ne. Kowace da mazauninta.

To ta yaya za ka san siffar taka ba tare da canki-canka ba? Kamfanonin kirki suna buga zanen a takardar bayanin na'urar ko a shafinsu na intanet, Ubiquiti da Cisco da Aruba duk suna yi. Yawancinmu tsallake shafin muke yi saboda da ka kalla sai ka ga da'ira cikin da'ira da wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, ka ce wannan na 'yan jami'a ne. Wallahi ba shi da wuya. Zane biyu ne yawanci. Na farko kamar kana sama kana leƙo na'urar, yana nuna yadda siginar ta zagaye ta gaba da baya da hagu da dama. Na biyu kamar ka tsaya a gefe kana kallonta, yana nuna abin da ya tafi sama da abin da ya sauko ƙasa. Lambobin da ke bakin da'irar, 0 zuwa 360, kusurwa ce. Zobban da ke ciki kuma dB ne, galibi kowane zobe 5 ko 10. Duk inda layin ya fito ya kusanci bakin da'ira nan ne ƙarfin yake, inda ya lotsa ya shige tsakiya nan ne rauni. Kar ka ɗauka zobban mita ne, ba nisa suke nunawa ba, kuma nan ne ido yake yaudarar mutum, don lotsawar da za ka gani 'yar kaɗan, zobe ɗaya tak, in zoben na 10 dB ne to kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ne ya rage ta wannan ɓangaren. Zanen farko a eriyar da ake ce wa mai zagaye kusan kullum da'ira ce mai kyau, shi ya sa masu talla suka fi son nuna shi. Na biyun ne yake faɗin gaskiya, shi za ka zuba wa ido. Kuma ka duba ɗan hoton na'urar da suke sawa a gefe don ka san ina ne 0 ɗin, tunda wani kamfanin 0 ɗinsa gaban na'urar ne wani kuma gefenta, sannan ka duba na 2.4 daban na 5 daban don ba lallai su zo ɗaya ba ko da a na'ura ɗaya suke.

A eriyoyi masu harbi gefe ɗaya za ka ga an rubuta faɗin buɗewarsu, digiri 30, 60, 90, 120. A ƙa'ida ana aunawa ne zuwa inda ƙarfin ya ragu da 3 dB, wato ya koma rabi. Wasu kamfanonin kuma a 6 dB suke auna nasu don lambar ta yi girma, sai ka sayi mai 120 ka tarar gefe-gefen sun yi sanyi fiye da yadda ka zata. A nan ma ɗan ƙaramin rubutun da ke kusa da lambar ne zai gaya maka.

Inda wannan abu ya fi cin kuɗin mutane shi ne aikin waje. Makaranta ko masauki ko wani babban gida, a ce ana so waifai ya kama ko'ina a harabar, sai a kafa dogon ƙarfe ko a hau saman tankin ruwa, a ɗaura doguwar farar eriyar nan mai 12 ko 15 dBi a can ƙololuwa, saboda kowa ya taso da sanin cewa eriya in ta fi tsayi ta fi kamawa. Bari mu yi lissafi. Irin waɗannan buɗewarsu ta sama da ƙasa ba ta cika wuce digiri 7 ko 8 ba, wato digiri 4 sama da saitinta, 4 ƙasa. In ka ɗaga ta mita 15, wannan gefen na ƙasa ba zai taɓa ƙasa ba sai bayan wajen mita 200. Duk wanda ke zaune kusa da gindin ƙarfen, azuzuwan da aka yi aikin dominsu, siginar ta saman kansu take wucewa, ɗan abin da suke samu rarar da ke zubowa ce, nan ta kama can ta ɗauke. Mutumin da ke mita 200 kuma wayarsa za ta ga sunan waifai ɗin amma da ƙyar ne muryarta ta dawo. An yi biyu babu ke nan. Maganinsa ko dai ka sauko da ita zuwa mita 4 ko 5 ka yi amfani da mai ƙaramar lamba, ko ka sa mai harbi gefe ɗaya ka sunkuyar da kanta tana kallon inda mutanen suke. Ka lura da ƙarfen sabis na kamfanonin waya, dogayen fararen allunan nan da ke sama ai suna ɗan sunkuyar da harbinsu ƙasa ne, wasu a jikin biraket za ka gani wasu kuma a cikin eriyar aka yi sunkuyon, dalilin ke nan.

Haka abin yake a gini mai dogon rufi, sito ko babban ɗakin taro ko masallacin Juma'a. Da silin ya haura mita 7 zuwa 8 ni ba na yarda in manna AP na ofis a can sama, gara in sauko da ita da fayif ko in kafa a jikin ginshiƙi, ko in nemo mai harbi gefe ɗaya in nuna ta ƙasa.

Na ambaci muryar waya, bari in ɗan tsaya a nan don yana da muhimmanci. Waifai hira ce tsakanin biyu. AP ta yi magana waya ta ji, waya ta mayar AP ta ji. Wayar da ke aljihunka ƙaramar eriya gare ta, kuma tana tattalin batir, ba ta da ƙarfin AP. In ka shiga saitin ka ƙure ƙarfin rediyon AP, ɓangare ɗaya kawai ka gyara, shi ya sa za ka ga sanduna sun cika fal a fuskar waya amma WhatsApp yana ta juyawa saƙo ya ƙi tafiya. Ita kuwa eriya ta nan ta bambanta, duk inda take turawa da ƙarfi to ta nan ɗin ne take ji da kyau, hanya biyu take aiki. Don haka juya fuskar na'ura zuwa wajen mutane yana gyara abin da ƙure ƙarfi ba zai taɓa gyarawa ba, kuma kyauta ne.

Akwai kuma batun tsayuwar siginar ita kanta. Eriyar da ke tsaye siginarta a tsaye take kaɗawa, wadda ke kwance a kwance, in mai turawa yana tsaye mai karɓa yana kwance a fili ana asara mai yawa. A cikin gida wannan bai cika damuna ba, tunda bango yana jujjuya ta kuma wayar ma ba a riƙe ta hanya ɗaya, sannan tun daga waifai na 802.11n da ya fito a 2009 na'urori suna aiki da eriya fiye da ɗaya a lokaci guda. Sababbin ma suna da dabarar karkata sigina wajen wayar da suke hira da ita. Amma kar wannan ya ruɗe ka, 'yar karkatawa ce a cikin siffar da eriyar take da ita, ba za ta ɗauko siginar da ka tura cikin kwano ta dawo maka da ita ɗaki ba.

Wajen ɓoyewa ma ina roƙon masu gida su yi haƙuri. Na san ba kowa ke son ganin farin faranti a tsakiyar silin ɗin da ya kashe wa kuɗi ba, sai a ce a jefa ta ciki ta sama. A can akwai ƙarafuna da wayoyin wuta, ga kwano a kanta, ga zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40 a waje, balle ƙarƙashin kwano, kuma da yawa daga cikin na'urorin cikin gida 40 ɗin ce iyakar da aka rubuta musu. Kuma kar a manna ta dab da fanka ko bayan AC ko jikin bim ɗin ƙarfe. A otal da hostel kuma al'adar jera su a korido ce ta fi yawa saboda sauƙin jan kebul, siginar ta yi ta gudu a koridon da babu mai zama, kafin ta shiga ɗaki sai ta ratsa banɗaki da tayil da fayif da madubi, sannan su kansu na'urorin duk suna jin juna suna damun juna, ga shi a 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. In da hali a shigar da su ɗakunan.

Masu haɗa gini da gini kuwa, ko shago da gida, da na'urori masu harbi gefe ɗaya irin su NanoStation ko LiteBeam, ku ne aikinku ya fi kama da na mai dish. LiteBeam 23 dBi take, harbinta siriri ne ƙwarai, kuskuren 'yan digiri kaɗan ya isa ya zubar da rabin abin da ka saya. Ka juya a hankali, hagu da dama tukuna sannan sama da ƙasa, kana kallon lamba ba fitilun jiki ba, kuma in ka ga ta yi kyau kar ka ɗaure nan take, wuce gaba kaɗan ka gani, don akwai ƙananan harbi a gefen babban, mutum yana iya kama ɗaya daga ciki ya ɗauka ya gama. Bayan haka hango ɗaya ginin da ido bai wadatar ba. Siginar tana bukatar fili a kewayen layin da ke tsakaninsu, kuma a tsakiyar hanya ne ya fi faɗi, a nisan kilomita 1 a kan 5 GHz ya kusa mita 4 ta kowane gefe, ana so aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan ya zama babu komai a ciki. Shi ya sa haɗin da aka yi da rani yana tafiya sumul, da damina ta sauka darbejiya da mangwaro suka cika da ɗanyen ganye sai a fara kiran waya.

Hanyar da nake bi kafin in ɗauko abin huda ita ce in saka wa na'urar dogon kebul, yaro ya riƙe ta a kan tsani a inda nake tunani, fuskarta yadda za ta zauna, ni kuma in zagaya da waya. Ban da kallon sanduna, sauke manhajar da ke nuna lamba, WiFiman ko WiFi Analyzer duk kyauta ne a Android. Lambar da alamar ragi take zuwa, -50 ta fi -70 kyau. Daga -67 zuwa sama, wato wajen -60 da -50, kiran bidiyo zai tafi lafiya, da ka gangara wajen -80 to sunan waifai kawai kake gani. Ka auna a inda mutane suke zama da gaske, kan gado, kan kujerar kanta, teburin akawu, ka rufe ƙofar yadda take zama kullum musamman in ta ƙarfe ce, kuma kar ka tsaya tsakanin wayar da na'urar don jikin mutum ruwa ne yana shan sigina. Sai ka ce a juya ta, ko a matsa da ita taku biyu, ka sake aunawa ka ga bambancin da idonka. In mai wurin yana kusa nuna masa lambar tana canzawa, ya fi dogon bayani saurin gamsar da shi ya bari a huda inda ya kamata.

Na waje kuma in ka gama saiti ka ɗaure notunan tamau, ka sa ɗan fenti ko maka a inda biraket ya haɗu da fayif, ka rubuta lambar da ka samu ranar ka ajiye a waya. Iskar farkon damina tana juya su, wani lokacin kaɗan ne yadda daga ƙasa ba za ka gane ba, amma da ka hau ka ga alamar ta goce ka san abin da ya faru ba sai ka fara zargin na'ura ba. Kebul ɗin kuma ta ƙasa zai shiga, ka bar masa ɗan lanƙwaso ya sauka kafin ya hau, ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi shi ya shige ciki.